Ina Ƙarfin Wutar Lantarki Yake Bi? Jawabi Ga Jama'a A Kan Batir, Waya Da Ƙwan Fitila

 Abin da za mu tattauna a kai yau abu ne wanda kusan kowannenmu yake hulɗa da shi safe da yamma, watau wutar lantarki. Mai tocila a ƙauye, da mai injin niƙa a bakin kasuwa, da ɗalibin da ke karatu da dare, duk sun san cewa in aka taɓa makunni sai haske ya zo. Amma in ka tambayi mutum goma ta ina ƙarfin nan yake bi daga batir zuwa ƙwai, tara daga cikinsu za su ce maka ta cikin waya yake kwarara, kamar yadda ruwa yake bi ta cikin bututun famfo. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma ba ta cika ba, kuma giɓin da ke cikinta ya sha jawo asarar rayuka. Wanda ya ɗauka cewa wuta tana kulle a cikin waya, zai ɗauka cewa muddin bai taɓa waya ba, babu abin da zai same shi. Ina so kafin mu rabu yau kowa ya gane dalilin da ya sa wannan zato kuskure ne.

Abin Da Ke Cikin Waya

Mu fara da tocila, domin ita ce mafi sauƙi. Tana da batir, da ƙwai, da makunni, da ƙarafan da suka haɗa su. Hanyar da ta tashi daga kan batir, ta ratsa ƙwai, ta komo gindin batir, ita ake kira da'irar lantarki. In hanyar ta yanke a ko'ina, haske ya ɗauke.

Kowane abu a duniya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ake kira ƙwayoyin zarra, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai caji iri biyu. Ɗaya ana yi masa alamar tarawa, ɗaya alamar ɗebewa, kamar dai yadda kuke gani a jikin batir. Iri ɗaya suna ture juna, iri dabam suna jawo juna. Masu ɗauke da cajin ɗebewa su ake kira elektiron, waɗanda wani masani ɗan Ingila, J. J. Thomson, ya gano a jami'ar Kambirij a shekarar 1897. A cikin jan ƙarfe, wanda da shi ake yin yawancin wayoyin gida, kowace ƙwayar zarra takan saki elektiron kamar guda, ya riƙa yawo ba tare da an ɗaure shi ba. Ke nan waya cike take maƙil da elektiron tun daga masana'anta. Batir ba ya zuba mata wani abu sabo, aikinsa shi ne ya sa waɗanda ke ciki su motsa.

Ba a kuma cinye elektiron a cikin ƙwai. Adadin da ya shiga ta wannan gefe, shi ne yake fita ta wancan. Ku tuna da bel ɗin injin niƙa: yana zagayawa ya dawo inda ya fito, ba ya raguwa, amma hatsi na niƙuwa. Abin da ke ƙarewa a batir shi ne makamashi, watau ƙarfin yin aiki wanda aka adana a cikin sinadaran da ke cikinsa.

Tafiyar Hawainiya

To, yaya saurin elektiron ɗin nan yake? Nan ne abin mamaki yake. Ma'aunin yawan wutar da ke wucewa shi ne amfiya, kuma amfiya ɗaya daidai take da wucewar elektiron fiye da biliyan 6 sau biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Yawan ya isa yawa. Amma da yake waɗanda ke cikin wayar sun fi haka nesa ba kusa ba, ba sa bukatar gaggawa kafin wannan adadi ya wuce. A siririyar wayar jan ƙarfe mai faɗin baki na murabba'in milimita ɗaya, wadda take ɗauke da amfiya ɗaya, ci gaban da suke yi kimanin santimita 26 ne kawai a sa'a guda, watau taƙi ɗaya da 'yan kai. Hawainiya ma ta fi su sauri. A wannan tafiya, sai sun shafe fiye da wata biyar kafin su ci kilomita ɗaya.

Wutar da ake kawo mana gida ma ta fi haka ban mamaki. Ita mai kaiwa da komowa ce, tana juyawa gaba da baya sau 50 a kowace daƙiƙa. Saboda haka elektiron ɗin da ke cikin wayar ɗakinka ba sa zuwa ko'ina, rawa kawai suke yi a wuri ɗaya, kuma faɗin rawar bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Babu elektiron ko ɗaya da ya taso daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama ginawa a kan kogin Kwara a 1968, ya iso gidan wani a Kaduna ko Ibadan. Duk da haka ƙarfin ruwan Kainji yana isowa, yana juya fanka, yana dafa ruwa. In ba elektiron ne suka ɗauko shi a ka kamar 'yan dako ba, to ta ina ya biyo?

Cajin Da Ke Bayan Waya

Kafin mu amsa, sai mu yi wata tambayar. Elektiron ɗin da ke tsakiyar doguwar waya, nesa da batir, wa yake tura shi? In kuma wayar ta lanƙwasa, wa ya gaya masa ya karya kwana? Batir yana can nesa, bai san inda aka lanƙwasa waya ba.

Duk wanda ya taɓa zama a Arewa lokacin hunturu ya san wani abu da zai taimake mu a nan. In iska ta bushe, ka ja bargo da dare sai ka ji ƙaf-ƙaf, wani lokaci har ka ga tartsatsi, ko ka kai hannu ga marfin mota sai ka ji wani abu ya tsunkule ka. Wannan caji ne da ya taru a bayan jikinka ko a bayan bargo saboda gugar juna. Irin wannan cajin, ba wani dabam ba, shi ne yake zama a bayan wayar da aka haɗa da batir.

Ga yadda abin yake. Da zarar an haɗa waya da batir, sai ɗan caji kaɗan ya bazu a fatar wayar ta waje. Kusa da kan batir mai alamar tarawa, fatar wayar takan rasa 'yan elektiron, ta zama mai cajin tarawa. Kusa da gindin batir kuwa, 'yan elektiron sukan taru a fatar, ta zama mai cajin ɗebewa. Tsakanin waɗannan wurare biyu, yawan cajin yana sauyawa sannu a hankali tare da tsawon wayar, kamar gangaren tudu. Wannan bambanci, na yawa a nan da ƙaranci a can, shi ne yake haifar da turi a cikin wayar, a kowane taƙi nata. Masana suna kiran wannan turi da ke cike wuri fagen lantarki, watau yankin da in aka sa caji a ciki zai ji ana jansa ko ana ture shi.

A wurin lanƙwasa, elektiron na farko da suka iso sukan ɗan taru a gefen waje na kwanar, sa'an nan su riƙa ture waɗanda ke biye da su, har su karkata su bi hanya. Ku ɗauki misalin garken shanu a kan burtali. Shanun su ne elektiron na cikin waya, makiyayan da suka jeru a gefen burtali kuwa su ne cajin fata. Makiyaya kaɗan ne, amma su ke sa dubban shanu su miƙe hanya, su karya inda ya kamata. A tsawon mita ɗaya na wayar da muka ambata, elektiron masu yawo sun kai adadin da za a rubuta da 85 da sifiri 21 a bayansa, alhali cajin fatar da batir ɗaya na bolt 1.5 zai ɗora mata bai wuce wasu ɗaruruwan miliyoyi ba. Ƙanƙantarsa ce ta sa ba ma jinsa a tocila, ita ce kuma ta sa littattafan makaranta da yawa ba sa ambatonsa.

Wannan sani ba sabo ba ne. Bayan Alessandro Volta na Italiya ya ƙera batir na farko a 1800, da faifan tutiya da na jan ƙarfe da ƙyalle mai ruwan gishiri a tsakaninsu, Georg Ohm na Jamus ya bayyana dokarsa a 1827, sa'an nan wani Bajamushe, Gustav Kirchhoff, ya nuna a 1849 cewa abin da ke tura wuta a waya shi ne dai ƙarfin caji irin na gugar bargo, kuma zamansa a fatar waya yake. A 1962 wani malami a Amurka, Oleg Jefimenko, ya nuna abin ido da ido. Ya zana da'irar lantarki a kan gilashi da tawada mai ɗaukar wuta, ya haɗa ta da wuta mai ƙarfi, ya barbaɗa ƙwayoyin irin ciyawa a kai, sai ƙwayoyin suka jeru layi-layi a waje da hanyar wutar, suka nuna siffar fagen.

Cajin fata shi ne kuma yake bayyana dalilin zafin ƙwai. Zaren da ke cikin ƙwai irin na dā siriri ne ƙwarai, yana wahalar da elektiron wajen wucewa. Saboda haka caji yakan taru a bakinsa biyu, na ɗebewa a wannan gefe, na tarawa a wancan, har turin da ke cikin zaren ya yi ƙarfin da zai kora adadin da ke zuwa ta wayar mai kauri. Da'irar ita ke daidaita kanta, cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Hanyar Da Makamashi Yake Bi

Yanzu mun iso ga amsar tambayarmu. Cajin fata ba a cikin waya kaɗai yake haifar da fagen lantarki ba, har a sararin da ke kewaye da ita, musamman tsakanin wayar zuwa da wayar komawa. Ban da wannan akwai fage na biyu. A 1820 Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ya lura cewa in wuta na bin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkata, watau waya mai wuta tana kewaye da fagen maganaɗisu. James Clerk Maxwell ya haɗa dokokin fagagen nan biyu wuri ɗaya a 1865. Sa'an nan a 1884 John Henry Poynting, malami a birnin Bamingam na Ingila, ya yi lissafi bisa dokokin Maxwell, ya nuna cewa duk inda fagen lantarki da fagen maganaɗisu suka gitta juna, to makamashi yana tafiya a wurin. Wani ɗan ƙasarsu, Oliver Heaviside, shi ma ya kai ga wannan sakamako da kansa.

In aka bi wannan lissafi a kan tocila, ga abin da ake samu. Makamashi yana fita daga jikin batir zuwa sararin da ke gefensa, yana bin gefen wayoyin biyu ta waje, sa'an nan ya shiga zaren ƙwai ta gefunansa, ya zama zafi da haske. Mafi yawansa yana tafiya dab da wayar, a cikin robar da aka naɗe ta da ita da iskar da ke kusa, yana raguwa in aka yi nisa. Ɗan abin da ya kutsa cikin jan ƙarfen kansa ba ya isa ga ƙwai, zafi yake zama, shi ya sa waya takan ɗumi in an ɗora mata kaya da yawa.

Kada wani ya ce ashe waya ba ta da amfani. Jirgin ƙasa ba ta cikin ƙarfen dogo yake tafiya ba, a kansa yake tafiya, amma in babu dogo babu jirgin da zai tashi daga Legas ya isa Kano. Haka waya take. Ita ke riƙe da cajin fata, ita ke ɗauke da elektiron masu motsi, kuma waɗannan biyu su ke shimfiɗa wa makamashi hanya. Saurin da labarin kunna makunni yake yi a gefen waya ya kusa saurin haske, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa in wayar tsirara take a iska, ko kimanin kashi biyu cikin uku na haka in tana naɗe da roba. Da a ce ta cikin ƙarfe labarin yake bi, ai da irin abin da aka naɗe wayar da shi bai sauya saurinsa ba.

Turawa sun koyi wannan darasi da tsada. A 1858 aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, daga Ayalan zuwa tsibirin Newfoundland. Saƙon Sarauniya Biktoriya zuwa ga Shugaban Amurka James Buchanan, mai kalma 98, sai da ya ɗauki kimanin sa'a 16. Dalili kuwa shi ne, wayar doguwa ce, ruwan teku yana kewaye da ita, kuma sai fatarta ta cika da caji ta sake zubar da shi kafin kowace alama ta fito sarai a wancan gefe. Aka yi ƙoƙarin tilasta mata da wuta mai ƙarfin gaske, sai abin da aka naɗe ta da shi ya lalace, ta mutu kafin wata guda. Sai a 1866 aka sami wadda ta ɗore.

Abin Da Ya Shafi Lafiyarmu

To jama'a, me wannan bayani zai amfana mana? Yawan cajin fata yana ƙaruwa ne gwargwadon bolt. A tocila bolt kaɗan ne, a gida bolt 230, a wayoyin da ke kawo wuta ga taransfoma ta unguwa bolt 11,000 ko 33,000, a manyan wayoyin da ke ratsa daji bisa dogayen turakun ƙarfe kuwa bolt 132,000 ko 330,000. Ana ɗaga bolt ne da gangan, domin in an ninka shi sau goma, asarar da ake yi ta zafin waya takan ragu sau ɗari. Amma hakan yana nufin fagen da ke kewaye da wayar ya yi ƙarfi ƙwarai. Ƙugin da kuke ji a ƙarƙashin manyan wayoyi, musamman da damina, sautin iska ce da fagen yake fasawa dab da wayar.

Busasshiyar iska tana iya jure kimanin bolt 30,000 a kowace santimita kafin ta fashe wuta ta ratsa ta, kuma abu mai tsini ko laima suna rage wannan juriya. Saboda haka babbar waya ba ta jira ka taɓa ta. In mutum, ko sandar ƙarfe, ko eriyar talabijin, ko kayan da aka lafta wa babbar mota suka matso ta, wuta tana iya tsallakowa. Tsuntsu yana sauka a kan waya ɗaya lafiya domin ƙafafunsa biyu suna kan matsayi ɗaya kuma bai haɗa ta da ƙasa ba. Kai kuwa a ƙasa kake tsaye.

Don haka ga abubuwan da nake roƙon kowa ya riƙe.

Na farko, kada a yi gini, ko rumfar kasuwa, ko tashar mota a ƙarƙashin manyan wayoyi. Ƙa'idar ƙasar nan ta ware fili mai faɗin mita 50 ga wayar bolt 330,000, da mita 30 ga ta 132,000, da mita 11 ga ta 33,000 da ta 11,000, rabi a kowane gefe. Filin nan ba kufai ba ne da ba shi da mai shi, hanyar wuta ce.

Na biyu, kashe makunni ba ya nufin waya ta mutu. Ko da ƙwai a kashe yake, cajin fata yana nan a wayar har zuwa bakin makunni, yana jiran hanya. In mai haɗa wuta ya yi kuskure ya sa makunni a wayar komawa, wadda masu sana'ar suke kira nutural, maimakon wayar da ke kawo wuta, to mazaunin ƙwai yana da wuta ko da haske ya ɗauke. Kafin a yi gyara a kashe babban makunnin gida, a kuma gwada da testa.

Na uku, wasu na'urori suna riƙe caji bayan an zare su daga soket, kamar tsohuwar talabijin mai ƙusumbi da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. Dogayen wayoyin ƙarƙashin ƙasa ma haka suke, shi ya sa ƙwararrun ma'aikata suke haɗa waya da ƙasa kafin su taɓa ta. Wanda bai koyi sana'ar ba kada ya buɗe bayan irin waɗannan na'urori.

Na huɗu, robar da ke jikin waya ba ado ba ce. In ta tsage, ko ɓera ya ci ta, ko ta ƙone, a sauya wayar, kada a ɗaure ta da leda ko tsumma.

Na biyar, in waya ta tsinke ta faɗo ƙasa, a nisance ta da aƙalla mita 10, a hana yara da dabbobi zuwa wurin, a sanar da kamfanin rarraba wuta na yankin. Wuta tana bazuwa a cikin ƙasa kewaye da inda wayar ta faɗi, har takan shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Wanda ya tsinci kansa kusa, ya haɗa ƙafafunsa ya riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan har ya fita, kada ya yi dogon taku. In kuma wuta ta kama wani, kada a kai masa hannu sai an yanke wutar.

Ga malaman makaranta kuwa, ina da roƙo na musamman. Misalin ruwa a bututu yana da amfani ga mai fara koyo, amma a gaya wa yara iyakarsa. A ɗora kamfas kusa da wayar da aka haɗa da batir ɗaya da ƙaramin ƙwai, su ga allura ta karkata alhali ba ta taɓa waya ba. A goga mataji na roba a gashi lokacin hunturu, su ga yana ɗaukar gutsattsarin takarda daga nesa. Yaron da ya ga waɗannan abubuwa biyu da idonsa ya ga fagagen nan biyu da muka yi bayani, kuma ba zai girma yana zaton wuta a cikin waya kaɗai take ba.

Jama'a, Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya ji wannan jawabi ko ya karanta shi, ya isar da shi ga iyalinsa da maƙwabtansa, musamman magina, da masu ɗaura eriya, da direbobin manyan motoci, da yaran da ke hawa bishiya kusa da falwaya.